Kwana Arba'in Ba Taɓa Ƙarfe

Baba bai ce a'a ba. Da ma a'a ɗin ya faɗa, da na san irin kukan da zan yi in huta. Sharaɗi ya kafa, kuma a gabana ya kafa shi, ina tsaye riƙe da bakin bandeji yana naɗe kafaɗar mutumin da nake so.

Baba, Allah ya jiƙansa, maɗori ne. A ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu yake aiki. Dogon benci ne guda, da tabarma, da wani katako da ya kafa a bango yana jera kwalaben man shafawa. Tun da Inna ta rasu na bar makaranta na zama hannunsa na uku. Ni ke wanke bandeji, ni ke naɗewa, ni ke lallashin matan da suka zo da karaya.

Shi kuwa mutumin nawa, Koci kowa ke ce masa, don shi ke koyar da masu ɗaga ƙarfe a gidan motsa jikin da ke bayan tasha. Baba kaɗai ke da sunan da ya laƙaba masa.

"Mai dakon banza," in ji shi. "Kaya ba na kowa ba, ba a kuma kai shi ko'ina ba. A ɗauka a ajiye, a ɗauka a ajiye."

Sau biyu kawun Koci yana zuwa da maganarmu, sau biyu Baba yana cewa a dakata tukuna. Ana cikin dakatawar aka shigo da Koci a rirriƙe. Ƙarfe ne ya rinjaye shi a sama, kafaɗar dama ta goce. Garin kauce wa ƙarfen kuma ya taka gefen wani faifan ƙarfe da ke ƙasa, idon sawunsa na hagu ya yi targaɗe.

Baba ya mayar da kafaɗar, ya gyara ƙafar, ya naɗe duka biyun. Sai da ya gama ya zauna yana goge hannu.

"Karo na nawa ke nan kafaɗar nan?"

"Na uku, Baba."

"Na farko kwana nawa ka yi ka kwance ɗaurin?"

Koci ya sunkuyar da kai. "Tara."

"Na biyu fa?"

"Sha ɗaya."

"An samu ci gaba," in ji Baba.

Ba wanda ya yi dariya.

"Ka ce kana son Auta. To ka ji. Kwana arba'in daga yau, kada ka taɓa ƙarfe. Namijin da ya kasa haƙuri da hannunsa kwana arba'in, ban ga yadda zai yi haƙuri da 'yar mutane shekara arba'in ba. In ka cika, kawunka ya dawo. In ka karya, ka zo ɗori duk ranar da ka so, ƙofa a buɗe take. Amma ɗori kawai."

"Na yarda, Baba."

Da sauri ya faɗa. Saurin nan ne ya fara faɗar mini da gaba.

Baba ya miƙo hannu, na ba shi zare. Ya zagaya shi a damtsen Koci na dama, ya ƙulla daidai inda ya haɗu, ya rataye a ƙusa. Bai yi bayani ba, ni ma ban nema ba. Tun ina ƙarama nake ganin zaren nan. Hannun da ya huta ramewa yake yi. Ranar kwance ɗori in aka mayar da zare, sai yatsu biyu sun shige tsakaninsa da fata, har uku in mai tsoka ne. In kuwa zare ya kama tam, to mutum ya yi aiki da hannun, ko da me ya rantse. Baba kan ce baki na ƙarya, damtse ba ya yi.

* * *

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta fi kowa murna da sharaɗin. Washegari da hantsi ta iso, ko mayafi ba ta ajiye ba ta fara.

"Arba'in? Yaya, ai ka tsawaita wa kanka jira. Ba shi bakwai ma ka gani."

Tana da nata ɗan takarar. Mai kemis ɗin bakin titi ne, wanda muke sayen bandeji da auduga a wurinsa. Mutum ne mai tsabta, kullum riga a goge, magana a hankali kamar mai karanta takardar magani. Ban taɓa jin ya yi wa kowa laifi ba. Ban kuma taɓa jin komai a raina ba in na gan shi, ko da ƙiyayya ce.

"Ke Auta, zo nan. Me kika gani a jikin wancan? Wuya kamar turmi. Mutum in zai shigo ɗaki sai ya karkace."

"Gwaggo, ni dai shi nake so."

"So! So ne zai saya miki sabulu? Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi gadon baya. Kin gama jinyar mutanen gari a gidan ubanki, ki je ki ɗora da ta miji. Ga mutum yana zaune a inuwa fanka na kaɗa shi, abu mafi nauyi da yake ɗagawa kwalbar maganin tari."

"To ke ki aure shi mana."

Ta kawo mini duka da mafici, na goce. Baba na ɗakinsa yana jin mu, bai ce uffan ba. Shirunsa ya fi faɗan Gwaggo ciwo.

Na riƙa ƙirga kwanaki da gawayi a bayan ƙyauren ɗakina. Baba ya hana Koci zuwa zance, sai dai duk mako ya zo a duba ɗori. Yakan shigo da sanda yana ɗingishi, ya rusuna iya yadda ƙafar ta bar shi. Ni ina tsaye a gefe, ba ni da ikon ko ɗaga ido. A zuwansa na biyu kumburin ƙafar ya saɓe fiye da yadda aka saba gani, har Baba ya ce, "Ka ga amfanin zama wuri ɗaya?"

"Na gani, Baba," in ji Koci, yana kallon tabarma.

Rana ta goma sha tara na je sayen auduga. Mai kemis ya sa mini a leda, ya miƙo, amma bai saki ba.

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Ai na ga alama. Jiya da la'asar na gan shi yana fitowa daga gidan ƙarfe, riga sharkaf. Na ce ikon Allah, ashe zama ma yana sa gumi."

"Koyarwa yake yi. Da baki."

"To madalla. Bakin ne ke jiƙa riga ke nan."

Ya saki ledar. Ban san lokacin da na tsallaka titi ba.

* * *

Ban taɓa shiga gidan ƙarfen ba sai ran nan. Dogon zaure ne mai rufin kwano, madubai a bango, ƙasa an shimfiɗe ta da baƙar roba, ga warin gumi da na tsatsa. Rana tsaka ce, ba kowa, sai rediyo na ta surutu shi kaɗai.

Can ƙurya na hango shi. Yana zaune a benci, ƙafar hagu a miƙe bisa kujera, hannun dama a rataye a ƙirji. Hannun hagu kuwa yana riƙe da ƙarfe mai kai biyu, yana ɗagawa yana saukewa, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa.

A madubi ya gan ni. Ƙarfen ya tsaya a sama.

"Auta."

"Ƙarasa. Nawa ya rage? Kada in katse maka."

Ya sauke shi a hankali kamar mai kwantar da jariri.

"Zauna in yi miki bayani."

"Ba zama na zo yi ba. Kwana goma sha tara ina zana gawayi a bayan ƙofa kamar mahaukaciya. Gwaggo ta ci ni da baki safe da yamma, ina cewa zai cika, zai cika. Ashe kai kana nan kana..."

Masifa na so in yi, kuka ya riga ta fitowa, abin ya ƙara ba ni haushi.

"Wallahi hannun nan bai ɗaga ko cokali ba. Dube shi, a ɗaure yake."

"Baba bai ce hannu ba. Ƙarfe ya ce."

"Na sani."

"Ka sani!"

Ya laluba jakarsa da hagu, ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Zanen mutum ne a jiki. Nan ya sunkuya, nan ya jingina da bango, nan ya tsaya da ƙafa ɗaya.

"Kwana biyar da ɗorin, mai gidan nan ya matsa sai na je asibiti an ɗauki hoto. Ƙashi lafiya lau. Sun ce wanda ya mayar da shi ya iya aikinsa. Daga nan suka tura ni wurin likitar gashin ƙashi, ita ta ba ni wannan. Ta ce in na ɗaure kafaɗar nan kwana arba'in ban motsa ta ba, za ta sandare, naman da ke riƙe ta ya saki. Ta ce abin da ya kai ni karo na uku ke nan. In kwanta kamar gawa kwana goma, in tashi in ɗauki abin da na saba ɗauka. Ban san tsakiya ba."

Ya nuna mini. Ya zare hannun daga rataya, ya sunkuya ya bar shi yana lilo a hankali. Ya matse tawul a hammata, ya ja wata roba mai laushi da aka ɗaure a taga, kaɗan-kaɗan, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Ƙafar kuma ya ce da babban yatsa yake rubuta baƙaƙe a iska, safe da yamma, sannan ya dafa bango ya tsaya a kanta gwargwadon abin da ta iya ɗauka. In zafi ya yi yawa ya tsaya, ya ɗora ƙanƙara.

"To robar na ji. Ƙarfen fa? Shi ma a takardar yake?"

"Ta ce ɓangaren da ke lafiya in ci gaba da shi, amma a zaune, kada in ɗora wa ƙafar nauyi."

"Ta ce, ta ce, ta ce. Ita za ta ba ka aurena?"

Ya share fuska da tawul ɗin.

"Auta, kwana huɗu na yi a kwance ina kallon silin. Na rantse miki ji na yi kamar an binne ni da rai. Ni ban yi karatu mai nisa ba, ba ni da shago, ba ni da gona. Jikin nan shi ne shagona. Masu zuwa wurina ba bakina suke kallo ba, damtsena suke kallo. In na zube, su watse. Ranar da aka ba ni ke, da me zan riƙe ki?"

"Da alkawari za ka fara riƙe ni! Kai ka ce ka yarda. Ba wanda ya shaƙe ka."

"Da na ce ban yarda ba a lokacin, da yanzu Gwaggonki ta gama ɗinka miki kayan gidan mai kemis."

"To yanzu ai ka taya ta ɗinkin."

Na zauna a bakin wani benci. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Yana zaune nesa da ni, hannu ɗaya a rataye, ɗayan ya rasa inda zai sa shi.

"Ki yi shiru don Allah. Gobe zan je in same shi. In kai masa takardar, in faɗa masa komai. Abin da zai yanke ya yanke."

Ga inda na yi kuskurena. Shekara da shekaru ina juya shi, har yau bai canza kama ba. Mutumin nan ya ce zai je ya faɗi gaskiya, ni na hana shi.

"Kada ka je."

"Auta..."

"Ka san Baba kuwa? Ka kai masa takardar asibiti ka ce wata ta gyara masa aiki? Wanzami ba ya son jarfa. Ko kallonta ba zai yi ba, ƙofa zai nuna maka." Na share ido. "Saurara. Ka tuna zaren da ya auna ka da shi?"

Na faɗa masa sirrin zaren, abin da ban taɓa faɗa wa wani majinyaci ba. Na ce dama aka auna, ba hagu ba. Tun da daman ba ta ɗaga ƙarfe, dole ta rame, yatsu biyu su shige, zare ya yi mana shaida. Na ce ni 'yar maɗori ce, na ga hannu ya fi ɗari.

"In ya tambaye ni fa?"

"Ba ya tambayar mutum. Zare yake tambaya."

"Raina bai kwanta ba."

"Nawa ne ya kwanta? Yi mini alkawari ba za ka faɗa ba. Wannan dai ka daure ka cika shi."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce ya yi.

* * *

Sauran kwana ashirin da ɗayan a kan ƙaya na yi su. Mai kemis ya kai wa Gwaggo labari, Gwaggo ta kawo wa Baba da zafinsa.

"Yaya, an gan shi! Da ido aka gan shi!"

"An gan shi yana ɗagawa?"

"An gan shi da gumi."

"Ni ma ga ni da gumi. Ba na ɗori da tsegumi. Ranar arba'in za mu ji."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba ya fara sakkowa. A zuwa na huɗu Koci ya shigo ba sanda. Baba ya murza idon sawun, ya lanƙwasa shi nan da can, ya gyaɗa kai. Bayan ya fita sai ya ce da ni, "Yaron nan ya fara ba ni kunya, Auta. Na ɗauka ba zai kai mako ba."

Ran nan bai ce mai dakon banza ba. Na shiga ɗaki na cusa fuska a filo.

Sau uku ina zuwa bakin ƙofarsa da niyyar in faɗa. Sau uku ina ɓigewa da tambayar ko in kawo masa shayi.

* * *

Ranar arba'in Gwaggo ta riga rana fitowa. Mai kemis ma ya zo, wai ya kawo audugar da ba wanda ya aika a kawo. Akwai kuma wata mata zaune a ƙarshen benci, ta tallafo wuyan hannunta tana jiran layi.

Baba ya kwance kafaɗar.

"Ɗaga gaba. Gefe. Sama."

Hannu ya tafi sama sak, har ya shafi kunne.

"Kai shi baya. Tura hannuna. Da ƙarfi, ba wasa nake da kai ba."

Koci ya tura, Baba ya ja da baya taku ɗaya. Ya sa shi ya tsaya a kan ƙafar hagu ita kaɗai, ya tsaya ƙyam ko rawa ba ta yi.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Shekara talatin ina ɗori, ban taɓa kwance kafaɗa ta tashi haka ba. Yawanci sai ta yi wata guda a sandare." Har da murmushi. "Auta, zare."

Na sauko da shi daga ƙusa.

Ya zagaya. Ƙulli ya haɗu. Ya nemi ya cusa yatsu biyu, suka ƙi. Ya gwada ɗaya, ƙaramin, shi ma da ƙyar. Ya kwance, ya ce Koci ya saki hannun, ya sake zagayawa. Haka dai.

Daga baya ne likitar ta ce wa Koci ai haka jiki yake, in ana aiki da ɓangare ɗaya, ɗayan ba ya saurin zubewa, ga kuma robar da yake ja. Ni ina zan sani? Hannayen da na gani duk na masu kwanciya ne.

"Ahaf!" in ji Gwaggo. Mai kemis ya yi gyaran murya yana kallon silin.

Murmushin Baba ya tafi.

"Ka taɓa ƙarfe?"

"Baba, hannun nan..."

"Ba hannu na tambaya ba. Kai na tambaya."

Koci ya buɗe baki ya rufe. Sai ya ɗago ya dube ni. Kallo ɗaya, bai fi ƙiftawar ido ba. Amma mutumin da ke gane tsagewar ƙashi ta cikin nama, kallo zai ɓace masa?

"Me ya sa kake kallon 'yata? Amsar a fuskarta take?"

Koci ya mayar da idonsa ƙasa.

Baba ya juyo. "Auta."

Na durƙusa inda nake.

"Ya ɗaga, Baba. Da hagu, a zaune. Daman bai ɗaga komai da ita ba, na gani da idona. Asibiti suka ba shi takarda." Da na tsaya nan, da da sauƙi. Amma haushin kwana arba'in ya taso mini gaba ɗaya. "Kai da bakinka ka ce ba ka taɓa ganin kafaɗa ta tashi haka ba! Takardar ce ta warkar da shi, ba kwanciya ba. Da ya bi naka, da yanzu hannun a sandare yake!"

A gaban Gwaggo na faɗa. A gaban mai kemis. A gaban matar da ta kawo masa hannunta.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo. "Ubanki kike faɗa wa haka?"

Baba bai dube ta ba. Ya miƙa wa Koci hannu. "Ina takardar?"

Koci ya zaro ta daga aljihu. Baba ba ya karatun boko, amma zanen bai buƙaci karatu ba. Ya matsa bakin taga, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A kan zanen tawul a hammata ya daɗe. Har ya matse nasa hannun a haƙarƙari ya gwada.

"Wadda ta zana wannan ta san kafaɗa," in ji shi. Ya ninke ta yadda take ya mayar masa. "Da ka kawo mini ita, da na ce ka bi. Ni ba ƙarfe nake gaba da shi ba, gaggawarka nake tsoro. Me ya hana ka kawowa?"

Koci ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

Gumi na bin wuyansa. Na ga zai tsaya a nan har a kore shi, bai buɗe baki ba.

"Ni ce, Baba."

"Ke ce me?"

"Ya ce zai zo ya faɗa maka, ni na hana shi. Na ce ba za ka saurara ba. Na sa shi ya yi mini alkawari. Na kuma faɗa masa yadda zaren yake."

Ban taɓa ganin fuskar Baba haka ba. Ba fushi ba ne. Fushi na sani, na iya zama da shi.

"To magana ta ƙare," in ji Gwaggo, tana gyara mayafi. "Ya karya, kowa ya ji. Yaya, ga mutanen kirki nan suna jira tun ba yau ba."

Mai kemis ya gyara tsayuwa.

"Ya karya nawa," in ji Baba a hankali. "Ya cika nata. An matse shi a gaban mutane, ga aure na shirin kuɓuce masa, bai tona ta ba." Ya dubi Koci. "Ka ce wa kawunka ya zo jibi."

"Yaya!"

"Yarinyar da ta ba namiji sirrin ubanta ai ta riga ta zaɓi gida. Me ya rage in riƙe?"

Koci ya zube yana godiya. Mai kemis ya ajiye audugar a kan benci ya fita ba sallama. Gwaggo ta bi shi har ƙofa tana ba shi haƙuri, ta dawo tana huci.

Abin da na yi kwana arba'in ina roƙo ke nan, an ba ni. Na nemi daɗin a ƙirjina na rasa.

Baba ya yafito matar nan. "Matso, baiwar Allah, mu ga hannun. Yaushe kika faɗi?"

Na miƙe kamar kullum zan ɗauko ruwan zafi.

"Bari," in ji shi, bai ɗago ba. "Gwaggonki ta kawo. Ke yanzu baƙuwa ce a nan, ba a sa baƙo aiki."

Shekara shida ya yi bayan nan. Ya ɗauki 'ya'yana a cinya, ya ci abincin hannuna, ya yi dariya da ni. Ɗakin ɗori kuwa, har ranar da aka fito da shi daga gidan, iyakata bakin ƙofa.